Abin da Jariri Ke Ji Lokacin da Gari Ya Rikice

Lacca ga jama'a a Kafanchan, kan firgici da ji da ginin ƙwaƙwalwar yara

 

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakinmu: "Ai yaro ne, bai san komai ba." Ita muke faɗi idan miji da mata sun yi cacar baki a kan jariri. Ita muke faɗi idan an kwana a daji da goyo ana gudun hari. Muna faɗinta ne don mu sanyaya wa kanmu rai, kuma ba da mugun nufi ba. To amma da wannan magana na zo jayayya yau. Gaskiya ne jariri ba zai iya ba da labarin daren da aka gudu da shi ba. Sai dai jikinsa ya halarci daren, kunnensa ya ji shi, kuma ƙwaƙwalwarsa, wadda a lokacin ake tsakiyar gininta, ta ɗauki darasi. Idan irin wannan dare ya yawaita, darasin yakan kai ga yadda yaron zai riƙa sauraron magana a aji bayan shekaru. Wannan shi ne rabin saƙona. Ɗaya rabin kuma albishir ne: mafi yawan ɓarnar tana gyaruwa, kuma kayan gyaran suna hannunmu.

Kunne yana kama aiki tun a ciki

Idan sauti ya shiga ramin kunne, yakan girgiza wata siririyar fata da ake kira dodon kunne. Bayanta akwai ƙananan ƙasusuwa 3, mafiya ƙanƙanta a jikin ɗan Adam, waɗanda ke miƙa girgizar zuwa wani lungu mai siffar katantanwa, cike da ruwa. A cikin katantanwar akwai ƙwayoyi masu ɗan gashi, kimanin 15,000 a kowane kunne, su ne ke mayar da girgiza ta zama saƙon lantarki. Jijiyar ji ta ɗauki saƙon ta kai shi gindin ƙwaƙwalwa, daga nan ya hau zuwa ɓangaren da ke saitin kunne, inda ake fassara shi. Ku riƙe abu guda game da ƙwayoyin nan masu gashi: duk wadda ta mutu ta mutu ke nan, jikin mutum ba ya sake tsiro da wata.

Tun ciki yana wajen wata 6 ɗan tayi ke fara jin sauti: bugun zuciyar uwarsa, da motsin cikinta, da muryarta. A shekarar 1980 wasu masana biyu a Amurka, DeCasper da Fifer, suka gwada jarirai sabbin haihuwa da wata roba ta tsotso wadda aka haɗa da na'ura. Yadda jariri ya tsotsa shi ke zaɓar muryar da zai ji, ta mahaifiyarsa ko ta wata mace. Jariran da ba su wuce kwana 3 a duniya ba suka riƙa sauya tsotsonsu don su ji muryar uwa. Ashe tun kafin ranar suna yaro ya san muryar da ya fi so.

Kunne ke ɗauka, ƙwaƙwalwa ke ji

Ƙwaƙwalwar jariri sabon haihuwa nauyinta bai kai rabin kilo ba, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ta babba. Kafin ya cika shekara 6 ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girmanta. A shekarun farko, kamar yadda Cibiyar Nazarin Tasowar Yara ta Jami'ar Harvard ta ƙiyasta, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kan ƙulla sabbin mahaɗai fiye da miliyan 1 a kowace daƙiƙa. Daga baya kuma a shiga rage su. Abin kamar turbar gona ne: wadda ake bi kullum ta faɗaɗa ta yi ƙarfi, wadda aka daina bi ciyawa ta rufe ta kafin damina ta fita.

Ga misali daga harshe. A 1984 Janet Werker da Richard Tees, a Kanada, suka nuna cewa jariri ɗan wata 6 zuwa 8 da ke tasowa a gidan Turanci yana iya bambance wasu sautukan harshen Hindi da iyayensa ba sa iya bambancewa. Kafin ya cika shekara, wannan baiwa ta ragu ƙwarai, domin ƙwaƙwalwarsa ta karkata ga sautukan da take ji a gida. Haka ɗanmu ke koyon bambancin "b" da "ɓ", da "k" da "ƙ", da hawa da saukar murya da ke sauya ma'ana a Hausa, da Tyap, da Jju, da Hyam. Yaranmu da yawa suna tasowa da harshe 2 ko 3, na gida da Hausa da Turanci, kuma ina so iyaye su kwantar da hankali: yawan harsuna ba ya hana yaro magana. Idan yaro ya yi jinkiri, a nemi dalilin a wani wuri.

Wannan koyo yana da lokacinsa. Anu Sharma ta bi diddigin yaran da aka haifa kurame aka dasa musu na'urar ji a cikin kunne. Waɗanda aka yi wa dashen kafin shekara 3 da rabi, yawancinsu ɓangaren jin ƙwaƙwalwarsu ya kamo na sa'o'insu. Waɗanda aka bari har suka wuce shekara 7, da wuya su kamo. Ƙofar ba ta rufewa ruf, amma tana ƙuntata da shekaru.

Abin da firgici ke yi wa jiki

Idan mutum ya ji ƙarar bindiga, wani ɗan ƙulli a tsakiyar ƙwaƙwalwa mai suna amigdala shi ke fara kururuwa. Nan take jiki ya saki sinadarin adiranalin, zuciya ta hau dukan uku-uku, numfashi ya yi sama. Jim kaɗan wasu ƙullutai da ke bisa ƙoda su saki sinadarin kotizol, wanda ke tura sukari cikin jini, ya dakatar da ayyukan da za su iya jira, irin su narkar da abinci da girma. Wannan tsari rahama ne, da shi ake tsira da rai. An yi shi ne don ya tashi, hatsari ya wuce, ya kwanta.

Likitan yara Jack Shonkoff da abokan aikinsa sun kasa damuwar yara gida 3. Akwai ƙarama mai amfani, kamar kukan allurar rigakafi ko ranar farko a makaranta, wadda ke koya wa jiki juriya. Akwai babba wadda ake iya ɗauka, kamar rasuwar wani a gida ko gobara, muddin akwai babban da ke rungumar yaron har hankalinsa ya dawo. Sannan akwai mai dafi, wato wadda ta yi tsanani, ta daɗe, kuma babu wanda ke tare wa yaron ita. Ku lura, girman masifa kaɗai ba shi ke raba ta biyu da ta uku ba. Abin da ke raba su shi ne ko akwai mutum natsattse a kusa da yaron.

Kotizol ɗin da ya ƙi sauka yana taɓa ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke ajiye abin da aka koya, da kuma ɓangaren goshi da ke riƙe hankali wuri ɗaya da danne fushi. Amigdala kuwa sai ta ƙara saurin tashi. Ko ɗan tayi bai tsira gaba ɗaya ba. Mabiyiya tana da sinadarin da ke kashe kaifin mafi yawan kotizol ɗin uwa kafin ya isa ga ɗa, amma wani kaso yana ratsawa, kuma idan damuwar mai ciki ta yi tsanani ta daɗe, abin da ke ratsawa yakan ƙaru.

Babbar shaida a kan mutane ta fito ne daga Romaniya. Bayan faɗuwar gwamnatin Ceaușescu a Disamban 1989, duniya ta ga gidajen marayu cike da jarirai da ake ciyarwa amma ba mai ɗaukarsu ko yi musu magana. Daga shekarar 2000, Charles Nelson da Nathan Fox da Charles Zeanah suka bi yara 136 a birnin Bukares, aka mayar da rabinsu hannun iyalai masu riƙo. Waɗanda aka mayar sun fi waɗanda suka ci gaba da zama a gidan marayu kaifin basira da iya magana, kuma waɗanda aka mayar kafin su cika shekara 2 su suka fi kowa farfaɗowa. Yaran nan ba bindiga suka ji ba. Shiru da rashin kulawa su suka yi musu illa.

Inda firgici da ji suka haɗu

Yanzu mun iso tsakiyar batun. A 2013 masu bincike a Jami'ar Oregon, ƙarƙashin Alice Graham, suka ɗauki hoton aikin ƙwaƙwalwar jarirai 20, 'yan wata 6 zuwa 12, suna barci. Suka kunna musu muryar wani namiji yana faɗin kalmomi marasa ma'ana, wani lokaci cikin fara'a, wani lokaci cikin fushi. Jariran da suka fito daga gidajen da iyaye suka fi yawan faɗa, ƙwaƙwalwarsu ta fi zabura da muryar fushi, a ɓangarorin da ke kula da tsoro da damuwa. A cikin barci fa. Don haka mai jiran yaro ya yi barci kafin ya sauke wa matarsa kwandon zagi, ya san cewa ido ne kawai ya rufe.

Seth Pollak na Jami'ar Wisconsin ya nuna cewa yaran da suka sha duka sukan riga sauran yara gano fushi a fuska da murya, kuma yana yi musu wuya su janye hankalinsu daga gare shi. Martin Teicher da Akemi Tomoda kuma sun auna ƙwaƙwalwar samari da 'yan mata da suka tashi cikin zagi da tsawa daga iyaye, suka tarar da bambanci a ainihin ɓangaren da ke sarrafa sauti da magana.

Sai kuma binciken Merri Rosen, a wata jami'ar likitanci da ke jihar Ohio, wanda aka buga a 2023. Ita da ɗalibanta sun yi aiki da wani ƙaramin ɓeran hamada na Mongoliya, wanda jinsa ya yi kusa da na mutum. Suka riƙa raba jariran da uwarsu suna takura su a lokutan da ba su zata ba, daidai kwanakin da ɓangaren jinsu ke ginuwa. Bayan haka suka gwada su da sauti mai ɗauke da ɗan gajeren shiru a tsakiya, shirun da bai wuce 'yan kasoshi cikin dubu na daƙiƙa ba. Waɗanda suka sha wahala suka kasa gano gajerun giɓin da 'yan'uwansu ke ganowa, kuma amsar jijiyoyinsu ta yi rauni a hanyar ji. Me ya sa wannan ke da muhimmanci? Domin magana cike take da irin waɗannan gajerun giɓi da saurin canjin sauti. Da su ake raba baƙi da baƙi, da gaɓa da gaɓa, musamman inda ake hayaniya. Ɓera ba mutum ba ne, kuma ba a ɗora sakamakon dabba a kan yaro kai tsaye. Amma idan muka jera shi da na Oregon da na Wisconsin, duk wuri ɗaya suke nuni.

Ga yadda abin ke bayyana a aji. Yaro ne kunnensa lafiya lau. Ko cokali ya faɗi a bayan aji sai ya zabura. Amma idan malama ta ba da umarni mai gaɓa uku, sai ya kama na farko ya rasa sauran. Ƙwaƙwalwarsa ta ƙware wajen sauraron hatsari, takun ƙafa da ƙarar babur da canjin murya, ba ta samu sararin ƙwarewa a sauraron darasi ba. Mu kuma sai mu ce kunnen ƙashi gare shi, mu ɗauko bulala. Bulalar ta ƙara firgicin, firgicin ya ƙara toshe fahimta, a yi ta zagaye har yaron ya yanke ƙauna da makaranta.

Mu a nan kudancin Kaduna

Ba na bukatar koya wa kowa a zauren nan tarihin da ya rayu a cikinsa. A Maris 1987 rikici ya tashi daga Kwalejin Ilimi a nan Kafanchan ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da wasu garuruwa. A Fabrairu da Mayun 1992 aka yi na Zangon Kataf. A Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙidaya mutum fiye da 800 da aka kashe cikin kwana 3 a jihohin Arewa 12, kuma Zonkwa da Kafanchan na cikin wuraren da abin ya fi muni; kasuwar garin nan ta ƙone. A ƙarshen 2016 aka kai hare-hare Godogodo da Goska, a Maris 2022 aka kai Kagoro, ga kuma satar mutane don kuɗin fansa a hanyoyi da gonaki. Kowane ɓangare ya binne nasa, Kirista da Musulmi, manomi da makiyayi.

Duk lokacin da abu ya faru mukan ƙirga gawa, da gidajen da suka ƙone, da shanu da rumbuna. Ba mu taɓa ƙirga goyon da ke bayan matan da suka gudu ba, ko cikin da suke ɗauke da shi. Wanda aka goya a 1987 yau shi ne uba, yana tarbiyya da jikin da ya koyi zabura tun yana zanin goyo. Wanda aka goya a 2011 ya kai sakandare ko ya wuce. Kotizol ba ya tambayar addinin yaro ko ƙabilarsa. Abin da yake yi wa ɗan Atyap shi yake yi wa ɗan Fulani, da ɗan Bajju, da ɗan Hausa, da ɗan Fantswam.

Kuma ba hari kaɗai ke kawo damuwa mai dafi ba. Akwai zaman gudun hijira a ajin makaranta ko harabar wurin ibada, iyali da yawa a ɗaki ɗaya, ba barci ba sirri. Akwai talauci. A daminar 2023 cuta ta afka wa citta a Kachia da Jaba da Kagarko da kewaye, manoma da yawa suka tashi da bashi maimakon riba, kuma mun san inda fushin bashi ke sauka idan an shiga gida. Akwai yunwa: binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure. Akwai kuma baƙin cikin mai jego, wanda ke sa uwa ta zauna shiru da jariri a cinya, tana shayar da shi amma ba ta kallonsa, ba ta yi masa wasa. Irin wannan uwa ba zargi take bukata ba, taimako take bukata.

Hayaniya da cututtukan kunne

Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya raya tun da layin dogo ya iso a ƙarshen shekarun 1920, saboda haka labarin nan zai yi mana ma'ana. A 1975 Arline Bronzaft ta duba wata makarantar firamare a birnin New York da ke daf da layin jirgi. Yaran aji 6 da ke ɓangaren jirgi sun kasance kusan shekara guda a bayan na ɗaya ɓangaren a karatu. Da aka sa roba a layin dogo aka gyara rufin azuzuwa, sai bambancin ya ɓace. A Jamus ma, da aka tashi filin jirgin saman Munik zuwa sabon wuri a 1992, karatun yaran tsohuwar unguwar ya inganta, na sabuwar ya ja baya.

Namu jirgin ya yi shiru, amma muna da janareta a gindin taga, da injin niƙa inda uwa ke tsayuwa da goyo, da lasifikar biki, da ta wuraren ibadarmu duka biyu. Ana auna ƙarar sauti da desibel. Hira ta yau da kullum wajen 60 ce. Daga 85 zuwa sama, daɗewa a ciki na kashe ƙwayoyin nan masu gashi. Harbin bindiga a kusa yakan kai 140, wanda sau ɗaya ma ya isa ya yi ɓarna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaniyar cikin aji kada ta wuce 35. Ga ma'auni mai sauƙi: idan sai kin ɗaga murya kafin wadda ke tsaye kusa da ke ta ji ki, wurin bai dace da jariri ba.

Hukumar ta kuma ce yara miliyan 34 a duniya ke fama da raunin ji mai bukatar kulawa, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na raunin jin yara ana iya hana shi. Sanadinsa sananne ne a gare mu. Akwai sanƙarau, wanda a annobar 1996 ya kama mutum fiye da 100,000 a Arewacin Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, ya bar wasu da kurumta. Akwai ƙyanda da hangum. Akwai shawarar jarirai, wadda idan ta yi tsanani take lalata jijiyar ji, kuma ƙwallon kafur da ake sa wa a kayan jariri yana iya tayar da ita ga wasu yara. Akwai allurar jentamaisin da ake yi barkatai a kemis. Akwai kunnen da ke zubar da mugunya wata da watanni ana ɗiga masa manja da ruwan ganye. Akwai kuma mari, wanda ke iya fasa dodon kunne. Gudun hijira yana haɗa waɗannan duka wuri guda: rigakafi ya yanke, cunkoso ya yaɗa cuta, haihuwa ta koma gida. Yaron da ya haɗa raunin kunne da firgici, kaya biyu ya ɗauka, kowanne yana ƙara wa ɗaya nauyi.

Abin da ke gyaruwa

Kada kowa ya fita daga nan yana cewa ɗansa ya lalace. Yawancin yaran da suka ga tashin hankali suna tashi lafiya idan suka samu babba ko da ɗaya ne da ba ya gushewa daga gare su, uwa ce, ko kaka, ko goggo, ko malama.

A Kingiston ta ƙasar Jamaika, a 1986 da 1987, Sally Grantham-McGregor ta tattara yara 129 da suka tsumbure, 'yan wata 9 zuwa 24. Wasu daga cikinsu aka riƙa tura musu ma'aikaciyar lafiya sau ɗaya a mako har shekara 2, tana koya wa uwa wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka ƙera a gida. Bayan shekara 20 aka koma aka tarar waɗannan yara suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na sauran da kashi 25 cikin 100. Ba magani aka ba su ba, hira da wasa ne. A 2018 kuma Rachel Romeo ta nuna cewa abin da ya fi alaƙa da ƙarfin ɓangaren magana a ƙwaƙwalwar yaro shi ne yawan musayar zance, ka faɗa ya amsa ka mayar, fiye da yawan kalmomin da ke wucewa ta kansa. Rediyo da waya ba sa jiran amsar jariri, saboda haka ba za su maye gurbin mutum ba.

Abin farin ciki shi ne al'adunmu sun riga sun tanadi yawancin wannan. Goyo yana haɗa jikin yaro da ɗumin uwa da muryarta. Muna da waƙar reno, da tatsuniya da dare, da kacici-kacici, da gaɗa a dandali, da kakar da ke zolayar jika. Rikici yana ƙwace waɗannan tun kafin ya ƙwace komai, domin dokar hana fita da tsoron dare su ke kashe dandali. Dawo da su aikin lafiya ne.

Rabon aiki

Iyaye, ku lura da waɗannan alamu. Jariri sabon haihuwa yana zabura da ƙara mai ƙarfi. A wata 6 yana juyawa wajen sauti. A wata 9 yana gwaranci. A shekara 1 yana amsa sunansa. A shekara 2 yana haɗa kalma biyu. Idan ɗaya ta yi jinkiri, kada a ce gadon gida ne, a je asibiti. Idan idon jariri ya yi ɗorawa a makon farko, a kai shi a ranar. A cika rigakafi. Maza kuma, natsuwar mai ciki da mai jego tana wuyanku, kuma hira da jariri ba aikin mata kaɗai ba ne.

Ma'aikatan lafiya, ƙa'idar da aka fi bi a duniya ita ce a gwada jin jariri kafin wata 1, a tabbatar da matsala kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Farfesa Bolajoko Olusanya ta nuna a Legas cewa ana iya yin gwajin a wurin allurar BCG, kuma ƙananan ma'aikatan lafiya na iya yin sa da 'yar na'urar hannu cikin mintuna kaɗan. Muna da Asibitin Gwamnati da kwalejin koyon jinya da ungozoma a garin nan, muna da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna tun 1999. Abin da ya rage shi ne a ɗinke su, yadda jaririn da aka haifa a Kwoi ko Gwantu ko Manchok zai samu gwaji da takardar turawa. Kuma idan uwa ta zo awo, a tambaye ta barcinta da halin zuciyarta, ba nauyin ɗanta kawai ba.

Malaman makaranta da ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya masu shirin shiga aji, kafin ku yanke wa yaro hukuncin taurin kai, ku dawo da shi layin gaba, ku fuskance shi, ku ba shi umarni ɗaya bayan ɗaya, ku nemi a duba kunnensa, ku tambayi abin da ya faru da gidansu. Yaron da ya san abin da zai biyo baya a kowace rana yakan saki jiki, kuma sai ya saki jiki yake koyo.

Malaman addini, muna roƙo a rage ƙarar lasifika inda mata ke zama da jarirai, a kuma sa wannan batu cikin huɗuba da wa'azi. Masu kai agaji sansani, bayan shinkafa da bargo, a ware inuwa ɗaya inda yara za su yi wasa, a nemo tsofaffin da za su yi musu tatsuniya, kuma kada a raba yaro da wanda ya saba da shi.

Daga ƙarshe, iyayenmu sarakuna da shugabanni. A Maris 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomin Jama'a da Kaura da Zangon Kataf da Kachia da Sanga suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya a garin nan. Ba ta hana jini sake zuba ba, amma ta nuna cewa muna iya zama a tabarma ɗaya. Idan za a sake irin wannan zama, ina roƙon a sa yara 'yan ƙasa da shekara 5 da mata masu ciki cikin lissafin asara, a kuma sa su cikin kasafin gyara. Ana iya jinkirta ginin kasuwa zuwa baɗi, amma shekarun farko na yaro ba sa jiran a gama sulhu. Duk watan da aka ƙara ana ja-in-ja, daga cikin nasu ake cirewa.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya raya mana zuriya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.